Tsohon kayan nutso da na saya a hannun ɗan gwanjo, da abin da ya same ni a ƙasan Tiga

Wata huɗu ke nan da sayen kayan nan, amma har yau in na tuna ranar Talatar nan sai in ji ƙirjina ya ɗaure. Masu tambayata ko su ma su nema, ga abin da na gani.

Ni mutumin bakin Tiga ne, gidanmu gidan masunta ne kaka da kakanni. Na yi shekara shida a Legas ina nutso a ƙarƙashin jiragen ruwa da kayan zamani, amma duk na kamfani ne, ko takalmi ban dawo da shi ba. Nan gida kuwa aiki ba ya yankewa, yau raga ta maƙale a kututture, gobe kwale-kwale ya kife da kayan wani. Sababbin kaya kun san inda dala ta kai su. Shi ya sa da wani ɗan gwanjo a birni ya turo min hoto ta WhatsApp, ya ce daga ɗakin ajiyar wani tsohon Bature aka fito da su, "sabo fil, Alhaji, ko ruwa bai taɓa gani ba", ban tsaya dogon ciniki ba.

Tukunyar iska ce ta ƙarfe guda ɗaya, da gilashin fuska mai siffar ƙwai, da ɗamarar dalma, sai regileta irin ta da, wato wani kwanon ƙarfe mai daidaita iskar numfashi da ke zama a bayan wuya, da tiyo biyu masu kauri da suka zagayo ta kafaɗu suka haɗu a baki. Ɗaya na kawo iska, ɗaya na mayar da wadda ka fitar can baya. Asalin ƙirar ta Faransa ce, Jacques Cousteau da injiniya Emile Gagnan suka haɗa ta a 1943. Abin da ya ba ni dariya, Gagnan ya fara ƙera bawul ɗin ne don motoci su yi tafiya da gas lokacin da fetur ya yi wuya a yaƙin duniya na biyu. Ashe ba mu muka fara wannan dabarar ba.

A wuyan tukunyar an buga 1968. Abokina na Legas da ke da injin cikawa ya ƙi taɓa ta sai da aka gwada ta da matsin ruwa aka leƙa cikinta, ya ce ba zai tashi shagonsa saboda ni ba. Ta ci gwajin. Don Allah kada wani ya kai irin wannan wurin mai faci, injinsa ba ya kai ƙarfin da ake so, kuma iskarsa da tururin mai take fitowa, a ƙasan ruwa guba ce.

Shigata ta farko, wallahi na ji daɗin da ban taɓa ji da kayan zamani ba. Kumfa ba ta bi ta gaban idonka, ba ta yi maka ƙara a kunne, can bayan ƙeya take tashi abinta. Wata ƙarfasa ta zo har gaban gilashina ta tsaya muna kallon juna, ina ganin baki na buɗewa yana rufewa. Yana da halinsa dai: ka kifa ciki, iska ta ɗan yi nauyin ja, ka juya rigingine, ta yi ta tunkuɗo maka har kumatu su kumbura. Kwana biyu na saba. A lokacin da an tambaye ni, cewa zan yi na yi tsintuwa.

Sai ranar Talatar. Wani manomi ne injin ban ruwansa ya faɗa daga kwale-kwale, wajen mita 8. Ƙanena na sama riƙe da igiya, Kawu na zaune a ƙarshen jirgin yana kallona a kaikaice, don shi tun farko bai yarda da kayan ba. Shi da numfashi ɗaya yake shiga a zamaninsa, ya bi gora ya sauka ya kwance raga ya fito, kuma yana tuna gonakin da ke wurin kafin ruwa ya shanye su da aka gama madatsar a 1974, zamanin Audu Bako.

Kayan nan ba su da agogon iska. A wancan zamanin masu nutso ba sa ganin iskar da ta rage musu. Abin da suke da shi wata 'yar sandar ƙarfe ce da ta sauko ta gefen hagu na tukunyar. Bawul ɗin na riƙe maka ɗan ragowar iska, in ka ji numfashi ya fara nauyi sai ka ja sandar ƙasa, ta saki ragowar, ka kama hanyar sama. Na san wannan sarai.

Na daɗe ina lalube kafin in sami injin, ya nutse a laka har rabi, kuma da na motsa shi ruwan ya koma kamar kunun kanwa, ko tafin hannuna ba na gani. Ina cikin ɗaura igiya na ji iska ta yi nauyi. Ban damu ba, na ce bari in gama ƙullin tukuna. Na ja numfashi na biyu, ya fi nauyi. Na mayar da hannu baya, na kama zoben sandar, na ja. Ba ta motsa ba. Na sake ja da ƙarfi. Tana can ƙasa tun tuni, ragowar da nake taƙama da ita na riga na shanye ta ban sani ba. Numfashi na uku kamar mai tsotsar gorar da aka toshe.

Innalillahi. Abin da zuciya ke ce maka shi ne ka rufe baki ka ruga sama, kuma shi ne ke kashe mutum, don iskar da ka shaƙa a mita 8 tana kusan ninkawa kafin ka iso sama, ta yaga huhu. Na kama igiyar ƙanena na riƙa hawa a hankali ina fitar da 'yar kumfa ta baki. Wajen rabin hanya, da nauyin ruwa ya ragu, tukunyar ta ɗan ba ni rabin numfashi, shi ya kai ni. Na fito ina tari, ƙanena na ta "Yaya! Yaya!" kamar zai faɗo. Kawu bai ko tashi ba. Ya ce, "Kai yaro, da sauran shan ruwanka a duniya, amma yau ka rage shi da yawa."

A daren na kira ɗan gwanjon na wanke shi tas, na ce ya sayar min da ajalina. Washegari abokina na Legas ya tambaye ni, "Da tukunyar ta iso, ka ɗaga sandar?" Na yi shiru. Ashe sai an sauke ta ake cikawa, mai nutso ne zai mayar da ita sama kafin ya shiga. Cikawar farko shi ya ɗaga min, ta biyu yaronsa ya cika. Ni da na saba da agogo, ban duba ba. Wannan kam laifina ne, har na yi niyyar kiran mutumin in ba shi haƙuri.

Ban kira ba, kuma ga dalili. Da na kwance kwanon don wankewa, na tarar robar da ke fitar da iska, mai kama da bakin agwagwa, ta narke ta manne kamar cingam. Tiyon hagu duk tsaga ne a cikin lanƙwasarsa, an shafe shi da mai ya yi ƙyalli a hoto. Ashe ɗan ruwan da nake ji a baki tun ranar farko daga nan yake, ni ina ɗauka haka na da suke. Cikin bakin kuma baƙin fumfuna ne, wanda na yi makonni ina shaƙa. Wai "ko ruwa bai taɓa gani ba"! Da na tura masa hoto, cewa ya yi ai gwanjo sa'a ne, daga nan ya daina ɗaga wayata.

Ƙarfen kayan ba ni da abin cewa, ya girme ni amma ko tsatsa babu. Robar ce duk sai an sake, kuma ba a samunta a Kano, na zaga har ƙafata ta gaji. Na ba da saƙo a Legas mako biyar ke nan. Injin manomin kuwa Kawu ne ya sa aka jawo shi da igiyar da na bari, ashe ƙullin ya kama, kuma shi ya karɓi ladan ya ce na gadi ne. Tukunyar na nan jingine a zaure, uwargida ta ɗora mata tabarma.