Wata shida ina ɗaukar kwastomomi hoto da lens ɗin Canon 50mm f/1.8 STM

Ni ɗalibi ne, bayan lakca nake ɗaukar mutane hoto in samu na kashewa, masu bazday, masu fita daga makaranta, wani lokacin kafin biki. Da lens (gilashin gaban kamara) 18-55mm ɗin da ya zo da kamarata Canon 600D nake ta fama, sai da na tara kuɗin aikin Sallah na sayi wannan 50mm ɗin na hannu, kuma wallahi ban yi nadama ba.

Ranar farko wata 'yar ajinmu na ɗauka bayan la'asar a gindin darbejiya, ta sha atamfa ga lalle a hannu, na buɗe ƙofar hasken lens ɗin a f/2.2 (ƙaramar lamba na nufin buɗewa sosai) sai ga motoci da masu wucewa a bayanta duk sun narke, ita kaɗai ta fito tas, har zanen lallen ana gani. Tana leƙa kamarar ta ce "kai, ai ka gama editin tun a nan".

To anan ne ma ya fi min amfani. Da sai in kwana a manhajar Lightroom ina gyara hoto goma, yanzu tunda yana shan haske sosai ba na ɗaga ISO (ƙarfin jin haske na kamara), fata tana fitowa da kalarta ba ɗigo-ɗigo, abin da nake yi kawai in cire ƙuraje in daidaita haske. Har yanzu ana ce min "ɗan haska ni mana", ni kuma gaskiya ba na son in maida baƙar fata mai kyau ta koma kamar roba, sai in tura kala biyu su zaɓa, da yawa na asalin suke ɗauka.

Amma ka sani ba ya zuƙowa, ƙafarka ce za ta yi aikin. A kamara irin tawa yana zama kamar 80mm, wato yana kusanto da mutum sosai, a ɗakin hostal sai ka jingina da bango ba ka samu mutum a tsaye ba, hoton mutum biyar kuwa sai a fita waje. Ba shi da abin hana girgiza, don haka ba na barin saurin ɗauka ya yi ƙasa da 1/125 na daƙiƙa. Kuma a f/1.8 in mutum ya ɗan karkata ido ɗaya ne zai fito ɗayan ya dushe, shi yasa na fi zama a f/2.5.

Nauyinsa giram 160 ne, a aljihun jaka yake kwana. Abin da nake tarawa kuɗi yanzu shi ne faifan maida haske, saboda masu zuwa da tsakar rana.