Kundin 'yan Kweka a Ancestry: ga mai neman kaka manomi, ya ci kuɗinsa?

Ɗaliban tarihi a Kano da masu yi wa mutanen waje aikin bin salsala ta intanet sukan ci karo da iyalan da kakansu ɗan ɗarikar Kweka (Quaker) ne, wata ɗarikar Kirista wadda George Fox ya kafa a Ingila wajen 1650. Ba ruwansu da garin ots na gwangwani da ake sayarwa a Sabon Gari. Kamfanin suna kawai ya ara. Shafin Ancestry, na bin salsala a intanet, yana da kundin takardun majalisun 'yan Kweka na Amurka daga 1681 zuwa 1935, hotunan ainihin littattafan da ke ajiye a kwalejojin Haverford, Swarthmore, Guilford da Earlham.

Kundin yana da kyau, amma sai ga wanda zai buɗe hoton shafi ya karanta da idonsa. Akwatin bincike shi kaɗai ɓatar da mutum yake yi.

Dalili shi ne komai na ɗan Kweka a majalisar wata-wata, wato zaman da mabiyan yanki ke yi kowane wata, ake rubuta shi, kuma majalisa ɗaya takan haɗa ƙauyuka da dama. Wanda ya nemi sunan ƙauyen kakan sau da yawa zai dawo hannu rabbana. A fara gano sunan majalisar, sannan a bi littattafanta: na haihuwa da mutuwa, na aure, da na zaman majalisa. Maza da nasu littafin, mata da nasu, kuma zancen amarya ko bazawara galibi a na mata yake.

Takardar aure ita ce mai tsoka. Ba su da limamin ɗaurin aure. Ango da amarya sukan bayyana niyyarsu sau biyu a gaban majalisa, a bincika, sannan mahalarta su sa hannu. 'Yan uwa na jini sukan sa nasu a gefen dama ƙarƙashin sunan ma'auratan, don haka shafi guda kan fito da iyaye, ƙanne da surukai. Sai takardar ƙaura, wadda iyali ke karɓa idan za su koma wata majalisa. Da ita ake bin manoman da suka bar North Carolina zuwa Ohio da Indiana a farkon shekarun 1800 don ƙin zama a yankin da ake bautar da bayi.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne kwanan wata. Ba sa kiran watanni da suna, lamba suke sawa, kuma kafin 1752 wata na ɗaya Maris ne. Wata na biyu a 1740 Afrilu ke nan, na sha biyu kuwa Fabrairu. A kwafi kwanan yadda yake a shafin, kar a dogara da wanda na'ura ta juya. Haka idan iyali suka ɓace bayan 1827, a duba littattafai biyu, domin a lokacin ɗarikar ta rabe, kowane ɓangare ya riƙe sunan majalisa ya kori ɗaya. Kora ma kanta ta yawaita: auren bare, shiga soja, ko bashin da aka ƙi biya. Daga ranar korar sunan mutum yakan daina fitowa.

Gonar fa? Nan kundin ya gaza. Girman fili, dabbobi da kayan gado suna cikin wasiyya da takardun ƙasa na gunduma, sai a nema daban. FamilySearch, wani shafin bin salsala, na da da yawa kyauta.

Biyan kuɗin Ancestry da kuɗin waje ne, kuma ba kowane katin naira ke wucewa ba. Gwajin kyauta na kwana 14 yana buƙatar kati, kuma zai ci gaba da cira idan ba a soke ba. A shirya sunaye da majalisu tukuna, a yi aikin a kwamfuta domin rubutun hannun ba ya karantuwa a waya, a sauke kowane hoto kafin wa'adin ya cika.