Edamame daskararre na leda: ya yi, in an kiyaye gishiri da minti

Edamame waken soya ne da aka tsinko tun yana kore shar, kafin ya bushe a kwasfarsa. A Japan abin taɓawa ne, musamman lokacin zafi. Wanda na gwada na leda ne mai giram 500, daskararre, da kwasfarsa. A ganina ya cancanci saye, amma daɗinsa ya dogara kacokan ga yadda aka dafa shi.

Tun a kanti ku matsa ledar da hannu. In kwasfar na warwatse ɗaya-ɗaya, lafiya lau. In ta dunƙule da ƙanƙara, to ta taɓa narkewa ta sake daskarewa, abin da ɗaukewar wuta ke jawowa, kuma irin wannan lugub-lugub yake fitowa duk yadda aka yi da shi. Ku duba rubutun ledar ma, don wasu kamfanoni da gishirinsu suke zuwa.

In babu gishiri a ciki, ma'aunin da Japanawa ke bi shi ne giram 40 a lita ɗaya ta ruwa, wajen babban cokali biyu da ɗan ƙari. Zai yi kamar ya yi yawa, amma kwasfar ce ke tare mafi yawansa. A bari ruwan ya tafasa sosai, a zuba waken kai tsaye daga firiza ba tare da an narkar da shi ba. Da ya sake tafasa a ƙirga minti 2 zuwa 3, don an riga an ɗan dafa shi kafin a daskarar. Sabon tsinka kuwa sai minti 4 zuwa 5, kuma ba a cin sa ɗanye. A ciro ɗaya a matsa: ƙwayar ta fito tsalam, da ɗan tauri a haƙori. In ya zarce, koren ya dushe, zaƙin ya bi ruwa.

Wurin da aka fi ɓata shi shi ne bayan saukewa. Kada a sheƙa masa ruwan sanyi, gishirin zai wanke, kwasfar ta jiƙe sharkaf. A tsane a kwando, a baza a faranti, a yi masa fifita. Da ɗuminsa a barbaɗa gishiri mai manyan ƙwayoyi. Man riɗi da tafarnuwa da ɗan yaji ma sun karɓe shi ƙwarai. Ba a cin kwasfar, leɓe ake sa wa a zuƙo ƙwayar, shi ya sa kayan ɗanɗanon ke zama a waje.

Aibinsa ɗaya: kusan rabin nauyin ledar kwasfa ce, don haka giram 500 ba ta wuce mutum uku ko huɗu. Busasshen waken da ake awara da shi ba zai maye gurbinsa ba ko an jiƙa shi kwana. Wanda jikinsa ba ya karɓar waken soya kuma ya ƙaurace masa.