GARGAƊI: Dubu 185 na biya, katin girafik na shekarar 2010 aka sa min a kwali

Jama'a kwana uku ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya, amma wallahi in na yi shiru wani ma zai faɗa. Dubu 185. Dubu ɗari da tamanin da biyar, ban da dubu 5 na webil da na ba direba a tasha, kuɗin da na yi wata biyar ina tarawa daga aikin haɗa bidiyon biki.

Kuma tun yanzu kar wani ya ce ai ka cika son araha. Ni ba jiya na fara taɓa kwamfuta ba, da hannuna na haɗa wannan, madabod da furosesa i5 10400 da RAM 16GB duk a shago na saya na ga kayana da idona, abu biyu ne kawai suka rage, katin girafik (mai sarrafa hoto da bidiyo) da SSD (ma'ajiyar fayil), shi ne na ga tallan mutumin nan a wani guruf na Facebook, GTX 1050 Ti na hannu dubu 130, SSD 1TB sabo dal a leda dubu 55. Farashin bai yi arahar da zan yi zargi ba, abin da ke ci min rai ke nan, da ya ce dubu 40 ai da na gudu.

Na ce ya kira ni bidiyo. Ya kira. Ya nuna min katin a jikin wata kwamfuta fanka na juyawa, ya buɗe Device Manager, inda Windows ke nuna sunayen kayan cikin kwamfuta, na karanta da idona NVIDIA GeForce GTX 1050 Ti. Har ya ce "yayana bari in yi la'asar in dawo, kar ka tura komai sai ka gamsu, haƙƙin wani ba abin wasa ba ne." Wannan maganar ce ta kashe ni. Kar ka tura sai ka gamsu. Har yanzu in na kwanta ita nake ji, da wata 'yar dariya da ya yi. Bayan la'asar na tura dubu 185 a dunƙule, ya ce ya ga alat Allah ya sa albarka.

To da na haɗa komai na zuba Windows, ranar farko lafiya lau. Da na fara aiki a Premiere, manhajar haɗa bidiyo, sai tsayawa, bidiyo na tafiya kamar mai ɗingishi, wani lokaci allo ya yi baƙi ya dawo. Ni kuma kaina na zarga, na ce ni na yi kuskure wajen haɗawa. Na duba ko wayar HDMI a madabod na soka maimakon jikin katin, a'a daidai take. Na shiga BIOS na ga RAM na gudu a 2133, na kunna XMP, saitin ƙara mata gudu, ta koma 2666, na mayar da su rami na 2 da na 4, babu canji. Na cire fankar furosesa in ga ko na manta ledar nan ta ƙasanta, na goge man na sa sabo, zafi bai wuce 60 da 'yan kai ba. Windows sau uku na sake zubawa. Sau UKU, ga wutar nepa da ake kawowa a ɗauke, har fetur na saya na jan janareto saboda wannan shirmen.

Af na manta, tun kafin wannan, ranar da kaya suka iso akwai wani faifan CD a kwalin, mai kayan ya ce lallai direban (manhajar da ke sa katin aiki) cikin faifan zan sa kar in sauke na intanet wai yana rikici da katunan hannu. Ni ko wurin sa CD babu a akwatina, sai ya turo min fayil ɗin ta WhatsApp. Daga baya da na gaji na sauke na NVIDIA na asali sai ga Code 43, katin ya ƙi aiki gaba ɗaya. Na kira shi, lokacin yana ɗauka, ya ce ai na gaya maka yayana, fawa sufulai ɗinka ne ya yi kaɗan. Saura ƙiris in je in sayi wani fawa sufulai wallahi, ga kuɗin a hannuna.

Wani dattijo mai gyara a Beirut Road nan Kano ne ya raba gardama, ko kunnawa bai yi ba, ya juya katin ya nuna min ramin VGA mai shuɗi ya ce "yaro wa ya sayar maka da wannan? 1050 Ti na gaskiya ba ya zuwa da wannan ramin." Ya sa GPU-Z, manhajar da ke nuna ainihin bayanan kati, ga shi ɓaro-ɓaro an rubuta FAKE a gaban sunan, shaders (ƙananan injinan aikin katin) 192 alhali na gaskiya 768 ne. GTS 450 ne, katin 2010, aka sauya masa BIOS, wato manhajar da ke cikin katin, yake kiran kansa 1050 Ti na 2016, yana nuna 4GB alhali 1GB ne a ciki, shi ya sa da aiki ya wuce 1GB sai allo ya ɗauke. Wato sunan da na karanta a bidiyo ƙaryar da aka rubuta wa katin ce kawai yake maimaitawa. Da muka cire shi muka soka wayar allo a madabod, girafik ɗin cikin furosesa ma ya fi shi jan bidiyona. Na biya dubu 130 don in rage wa kwamfutata gudu, ku ji fa.

SSD kuwa a daren muka bar H2testw, manhajar gwada ainihin girman ma'ajiya, na gudu a kai, da safe ya nuna wajen 120GB ne na gaske, sauran iska. Duk abin da ka zuba bayan ya cika za ka ga sunan fayil amma ba zai buɗe ba. A nan na gane dalilin da bidiyon kamun wata amarya ya ƙi buɗewa satin da ya wuce, kuma na riga na goge memorin kyamara. Har yau ban san da bakin da zan yi wa mahaifiyarta bayani ba, wannan ya fi min dubu 185 ɗin ciwo, ko da yake dubu 185 ɗin ma ciwo ne.

Na tura wa mai kayan hoton GPU-Z, ya karanta, minti biyu ya yi min bulok. Tallan ya ɓace, amma jiya wani ya turo min irinsa sak da wani suna, hoto ɗaya, darduma ɗaya a bayan katin. Ina da skirinshot na hirarmu duka da rasit na tiransifa da boyis ɗin da yake cewa kar ka tura sai ka gamsu, zan ɗora da daddare in na rufe lambobi, banki ma na kai ƙorafi na cike fom an ce in jira.

In za ku sayi kati ku sa GPU-Z a gabanku kafin ku biya, SSD ku gwada da H2testw, wanda ya ce sai direbansa ku bar masa kayansa. Kuma duk wanda ya taɓa dawo da fayil daga irin wannan SSD ɗin don Allah ya yi min magana, ranar Asabar na ce musu zan kai bidiyon.