Ra'ayina kan cibiyar da ake yi wa mahaifina wankin ƙoda

Duk wanda ƙodarsa ta gaza har likita ya ce sai an fara yi masa wanki, lafiyarsa ta rataya a kan cibiyar da zai riƙa zuwa, domin aikin da ƙoda ke yi dare da rana ba hutu shi ne inji zai tattara ya yi a cikin awa 4, sau 3 a mako. Ciwon siga da hawan jini ne suka haɗu suka lalata wa mahaifina ƙoda, kuma ni nake raka shi, don haka na san wannan cibiya sanin da zan iya faɗin alherinta da kasawarta.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne yadda suke kula da ruwa. Baƙo yakan tsaya kallon sababbin injina, alhali a zama ɗaya kimanin lita 120 na ruwan wanki ke bi ta cikin matatar, kuma ba abin da ya raba shi da jinin majinyaci sai wani siririn shamaki. In ruwan nan ba shi da tsabta, kyawun inji ba zai amfani kowa ba. Da na nemi ganin ɗakin tace ruwa da takardun gwajinsa, an nuna mini ba tare da ɓata rai ba. Masu ciwon hanta nau'in B kuma an ware musu injinsu daban, kamar yadda ya kamata.

Ma'aikatan jinya sun cancanci yabo ƙwarai. Kafin a soka allura, sai nas ta ɗora yatsunta a kan jijiyar da aka haɗa masa a hannu, wadda suke kira fistula, ta ji jini yana kaɗawa, sannan ta zaɓi wani wuri daban da na zaman baya. Sun ja mana kunne kada a auna hawan jini ko a ɗebi jini a wannan hannu, kada kuma ya kwanta a kansa. Ranar da jininsa ya sauka ana tsakiyar wanki, gumi ya keto masa, ƙafafunsa suka ɗaure, kafin in buɗe baki ta riga ta kwantar da shi, ta rage cire ruwan, ta ƙara masa ruwan gishiri ta jijiya.

Inda suka gaza kuwa ba ƙaramin wuri ba ne. Ana auna nauyinsa kafin wanki da bayansa, amma ganin likitan ƙoda yana da wuya, har mahaifina ya rame ba a sauya nauyin da ake son ya tashi da shi ba. Da yake da wannan nauyi ake lissafa ruwan da za a cire, sai ruwa ya yi ta taruwa a jikinsa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya da dare, sai da muka matsa aka gyara. Haka nan idan an makara da safe, akan yanke wa na baya rabin awa don a cike jadawali, kuma wannan ya fi komai damuna, musamman a zaman da ke biyo bayan kwana biyun da ake yi ba wanki a kowane mako, lokacin da ruwa da fotashiyam, wani sinadari da ƙoda ke ragewa daga jini, suka fi taruwa. Ba kuma wanda ya zaunar da mu ya yi mana bayanin wankin da ake yi ta ciki a gida ko dashen ƙoda, sai da muka tambaya da kanmu.

Duk da haka zan iya tura ɗan'uwana wannan cibiya, da sharaɗin ya dage a cika masa awanninsa, a kuma sanya masa ranar ganin likita da gwajin jini kowane wata.