Daga Tromso zuwa Longyearbyen: tafiyar awa ɗaya da minti 40

A watan Mayu na bi jirgin da ke tashi daga Tromso, a arewacin Norway, zuwa Longyearbyen da ke tsibiran Svalbard. Nisan bai kai yadda taswira ke tsorata mutum ba, kusan kilomita 950 ne, ya ɗan ɗara na Kano zuwa Legas. A tikiti an rubuta awa ɗaya da minti 40, kuma haka muka yi, ba ƙari. A nan kam na yaba wa kamfanin.

Inda ban ji daɗinsu ba shi ne batun takardu. Svalbard ƙarƙashin Norway take, amma ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake ratsa iyakokinsu ba tare da duba fasfo ba, don haka sai an duba fasfo a Tromso kamar mai barin ƙasa. Lokacin sayen tikiti ban ga inda aka fito da wannan fili ba. Ni katin zama na karatu ya cece ni. Amma ɗan'uwanmu da ya shigo Turai da bizar shiga sau ɗaya, in ya tafi, ƙofar dawowa ta rufe masa, alhali jiragen fasinja na can duk ta Norway suke bi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ya kamata a rubuta shi ɓaro-ɓaro kafin mutum ya biya kuɗinsa. Layin duba fasfon ma ya ci min kusan rabin awa, saboda haka a je da wuri.

Cikin jirgi babu wani abin a zo a gani: kujeru matsakaita, shayi, shi ke nan. Yawancin tafiyar a kan tekun Barents ake yi, gajimare a ƙasa, ba gari ba ƙauye. Sai a minti 20 na ƙarshe duwatsun Spitsbergen, tsibirin da Longyearbyen yake, suka bayyana, masu tsini, farare fat da ƙanƙara, ga ƙoramun daskararren ruwa suna gangarowa tsakaninsu har bakin teku. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ajiye saƙar da take yi, muka haɗa kai a taga ɗaya, ba wanda ya ce uffan. Kuɗin da na ƙara don kujerar taga bai tafi a banza ba.

Filin jirgin, wanda aka buɗe a 1975, ƙarami ne, an shimfiɗa titinsa a kan daskararriyar ƙasar da ba ta narkewa. Da tsani muka sauka, iska ta mare ni har sai da hawaye suka zubo, don haka rigar sanyi ta kasance a hannu, kada a tura ta cikin akwati. Bas na jira a waje, garin kilomita biyar ne kacal.

Kafin in hau bas ɗin na ɗaga kai na hango ƙofar rumbun ajiyar iri na duniya a jikin dutse, wanda aka buɗe a 2008. Cikin irin da aka fara kaiwa har da wake da gujjiya daga cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. Na tuna rumbun kakana, na daɗe ina kallon ƙofar nan har direba ya yi min hon.

Rana ba ta faɗuwa a can daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta, shi ya sa na tafi da jadawalin sallar Makka a waya, kamar yadda 'yan'uwa a masallacin Tromso suka ba ni shawara. Da shi na yi Isha'i, rana tana haska dardumata.