Hattara da mai tallar "wuƙar Dracula"

Jama'a, akwai wani mutum da ke tallar wuƙaƙe a Facebook, yana cewa tsofaffin kukri ne na sojojin Gurka, wato mayaƙan ƙasar Nepal, tun zamanin Sarauniya Biktoriya. Ƙanena ya faɗa hannunsa, kuma abin ya yi min ciwo, don yaron sai da ya daɗe yana tara kuɗin.

Da gaskiya yake fara jan mutum. Kukri wuƙar mutanen Nepal ce, mai lanƙwasa zuwa gaba, kuma Gurka sun shiga aikin sojan Ingila tun 1815. A littafin Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, da kukri Jonathan Harker ya yanke maƙogwaron Dracula, Quincey Morris kuma ya soke shi a zuciya da tasa wuƙar. Wanda ya karanta littafin, kamar ƙanena, yana jin wannan sai ya saki jiki.

Daga nan ƙarya ke shigowa. Wai wuƙarsa ce Stoker ya gani ya sa a labarin, har da takardar shaida mai hatimi. Hatimin wa? Babu sunan gidan tarihi, babu na gidan gwanjo. Na ƙura wa hotunan ido: ƙota mai kan zaki, baki yana ƙyalli kamar madubi, tsatsa kuma a shafe bai ɗaya tun daga tsini har gindi. Irin wadda ake ƙera wa 'yan yawon buɗe ido ce a Indiya. Tsohon ƙarfe ba haka yake tsufa ba, duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san inda hannu da dutsen wasa ke cin wuƙa. Ko sabuwar kukri ta ƙwarai, wadda maƙeran Nepal ke bugawa da sifirin mota, ta fi wannan daraja nesa ba kusa ba.

Kuma ko ita ɗin ba ta zo ba. Mutumin ya karɓi kafin alƙalami, ya dawo ya ce kwastan sun riƙe kaya sai an ƙara, aka ƙara, sai ya toshe lambar.

Yanzu ya sauya suna, amma hotunan su ne dai, wuƙa a kan jan ƙyalle. In kun ci karo da shi kada ku tura ko sisi. Wanda ya riga ya tura, ya adana rasit da hirarsu, ya garzaya bankinsa yau, sannan ya kai wa 'yan sanda.